Babban Rabi da Ƙaramin Rabi

Duk gidan da ke da yara biyu ya san wannan shari'a. Uwa ta karya rake gida biyu ta miƙa wa kowa nasa, kafin ta juya sai ƙaramin ya ɗaga murya: "Inna, rabin Yaya ya fi nawa!" Sai a haɗa guntayen a gwada tsawo, a ƙirga gaɓoɓi, wani lokaci har a duba wanda ya samu gindi, tunda gindin rake ya fi kai zaƙi. Yaron da ya kai ƙarar bai taɓa riƙe alli ba, amma ya riga ya san abin da malamin lissafi zai shafe makonni yana nanatawa a aji, wato rabin da ya fi ɗan'uwansa girma bai cancanci a kira shi rabi ba.

A azuzuwan farko na firamare ake fara wannan darasi. Malami ya zana da'ira a allo, ya tsaga ta biyu, ya rubuta ɗaya bisa biyu. Ya sake tsagawa, ya rubuta ɗaya bisa huɗu. Sharaɗi guda ne ke riƙe da darasin gaba ɗaya: sassan su zama daidai wa daida. Gurasar da aka yaga gida huɗu, wani yanki kamar tafin hannu wani kamar ɗan yatsa, ta rabu huɗu kam, amma babu yankin da za a kira kwata a cikinta.

Wannan yaron kuma shi ne zai rataya jaka da yamma ya tafi Islamiyya. Bayan 'yan shekaru zai iso babin gado, ya ji cewa matar mamaci tana da sumuni (ɗaya bisa takwas), uwarsa tana da sudusi (ɗaya bisa shida), ɗa namiji yana ɗaukar ninkin abin da 'yar'uwarsa ta ɗauka. Da safe an horar da shi a kan "daidai," da yamma an nuna masa rabon da ba daidai ba, aka kuma ce masa hukuncin Allah ne kuma shi ne adalci. Yaro mai tunani yana da haƙƙin ya tambaya: shin raba daidai da adalci abu ɗaya ne? In abu ɗaya ne, me ya sa gado bai zo daidai ba? In kuma daban suke, me ya sa malamin safe ya dage haka a kan daidaiton sassa? Tambayar ta girmi makarantun biyu, kuma amsarta tana cikin darasin lissafin da kansa, ga wanda ya lura da abin da ake cewa ya daidaita.

Kafin a je nan, ya kamata a san cewa darasin ba mai sauƙi ba ne, ko da yake manya na ganinsa kamar wasa. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, tare da abokan aikinsa Bärbel Inhelder da Alina Szeminska, sun wallafa littafi a 1948 inda suka bayyana yadda yara ke raba waina tsakanin 'yartsana biyu ko uku. Mafi ƙanƙanta sukan gutsura ɗan yanki su ba wannan, su gutsura su ba wancan, su bar sauran wainar a ajiye, a ganinsu rabo ya ƙare. Sai daga baya yaro ke gane cewa dole abin ya ƙare kaf a cikin rabon. Raba uku kuwa ya fi raba biyu wuya nesa ba kusa ba: hannun yaro ya saba tsagawa biyu, sai ya tsaga biyu, ya sake tsagawa, ya tarar da yanki huɗu ga mutum uku, ya tsaya yana kallon na huɗun.

Wahalar ba ta tsaya a ƙuruciya ba. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi a Amurka a 1978, an tambayi 'yan shekara 13 su kintata jimillar 12 bisa 13 da 7 bisa 8, aka ba su zaɓi tsakanin 1 da 2 da 19 da 21. Kowanne daga cikin lambobin biyu ya kusa cika ɗaya, don haka amsar 2 ce. Kashi 24 cikin 100 kacal suka dace. Fiye da rabinsu sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara na sama ko na ƙasa kamar lambobi ne masu zaman kansu. Sun iya rubuta alamar, amma ba sa ganin girman abin da take nufi. A 2012 kuma Robert Siegler da abokan bincikensa suka bi bayanan ɗaliban Amurka da Birtaniya, suka gano cewa sanin lissafin kaso da rarrabawa a wajen shekara 10 yana nuna yadda ɗalibi zai yi a aljabara da sauran lissafi shekara 5 ko 6 gaba, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da iliminsu da ƙwarewar yaron a karatu.

Tushen ruɗanin a bayyane yake. Tun yaro na rarrafe ake koya masa cewa takwas ta fi shida. Yanzu an ce masa ɗaya bisa takwas bai kai ɗaya bisa shida ba. Sai wanda ya ga tuwo ɗaya a gaban mutum shida, ya kuma gan shi a gaban mutum takwas, zai yarda da zuciyarsa cewa yawan hannaye ne ke rage loma.

Wanda ke son ganin lissafin kaso da idonsa, ya je wurin watanda ana jajibirin Sallah. Mutanen unguwa ko abokan aiki sun haɗa kuɗi sun sayi sa. Mahauci ya feɗe, an shimfiɗa buhuna ko tabarma, an ce kashi ashirin za a yi. Ba a fara da tambayar wane ne babba ko wane ne mai iyali da yawa. Ana fara zuba tsoka, a bi kashi ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙashi, sannan kitse, sannan hanta da huhu da tumbi, kowane kashi ya samu ɗan abin da ke cikin san. Mutane na tsaye a kai, ido a buɗe. Wani ya nuna da yatsa ya ce, "Malam, wancan na gefe bai ji tsoka ba," mahauci ya ɗauke yanka ɗaya daga nan ya jefa can. Ba a sallami kowa ba sai an kai matsayin da mutum zai rufe ido ya ɗauki kowane kashi ba tare da ya ji an cuce shi ba. A wasu wuraren har sai wani ya juya baya, ana nuna kashi yana kiran suna, don kada a ce an yi son kai.

To, sai a zo ɗauka. Wanda ya biya kuɗin kashi uku ya kwashi uku. Wanda ya biya na ɗaya ya ɗauki ɗaya. Wasu biyu da suka yi karo-karo a kan kashi guda su koma gefe su raba nasu. Babu wanda ya koma gida da nama daidai da na maƙwabcinsa, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Abin da aka daidaita shi ne ma'auni, wato girman kashi. Abin da ya bambanta shi ne yawan kashin da haƙƙin kowa ya ba shi. Da kasoshin ba su daidaita ba, da maganar "uku cikin ashirin" ba ta da ma'ana, don mai kashi ɗaya zai iya fin mai kashi biyu nama. Wannan shi ne ainihin abin da lambobin nan biyu ke faɗa. Ta ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin, ta sama tana faɗin nawa ne naka.

Haka malaman gado ke aiki tun ƙarnin farko na Musulunci. Ayoyi uku na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, su ne suka zo da ƙayyadaddun rabo guda shida: rabi da rubu'i (kwata) da sumuni, sai sulusani (biyu bisa uku) da sulusi (ɗaya bisa uku) da sudusi. Malamin da aka kira rabon gado ba ya fara da miƙa wa kowa dukiya. Yana fara neman abin da ake kira asalin mas'ala, wato adadin sassa masu girma ɗaya da za a yanka dukiyar don kowane rabo ya fita ba tare da ɓari ba.

A ɗauki misalin mutumin da ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa da 'ya. Matar tana da sumuni, mahaifiyar tana da sudusi. Ƙaramar lambar da takwas da shida duk ke shiga cikinta ita ce 24, don haka matar ta samu 3, mahaifiyar 4, saura 17 na 'ya'yan. Amma 17 ba ta rabuwa uku, biyu ga namiji ɗaya ga mace, sai malamin ya ninka komai sau uku, sassan su koma 72. Matar 9, mahaifiyar 12, ɗan 34, 'yar 17. In abin da ya rage na dukiyar naira 720,000 ne, kowane sashi ya zama naira 10,000, kuma kowa na iya ƙirga nasa da yatsu. Da matan huɗu ne, sumunin nan guda za su raba, kowacce ta tashi da ɗaya bisa 32. Babu mataki ɗaya a cikin wannan aiki da ya wuce abin da ake fara koya wa ɗan firamare da da'irar alli: a yanka daidai, sannan a ƙirga.

Inda daidaiton sassa ya fi nuna amfaninsa shi ne ranar da lissafi ya ƙi fita. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka kawo mas'alar matar da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji na da rabi, 'yan'uwan na da sulusani. In an yanka dukiyar gida shida, miji na neman uku, su suna neman huɗu, ga shi shida ce kawai a ƙasa. Duk wanda aka fara cika wa nasa, ɗayan ne zai kwana da giɓi. Umar ya tara sahabbai ya nemi shawara, kuma an ruwaito cewa an kwatanta masa lamarin da mutumin da ya mutu ya bar dirhami shida, wani na binsa uku wani na binsa huɗu. Mafitar da aka tsaya a kai ita ce a yanka dukiyar gida bakwai, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwan su ɗauki huɗu. Kowane sashi ya ɗan ƙanƙance, amma duka sun ƙanƙance tare, ba a yi kashin dankali an danne na ƙasa ba. Wannan shi ake kira auli. Abdullahi ɗan Abbas ya saɓa wa wannan ra'ayi daga baya, malaman Shi'a Ja'afariyya ma ba sa aiki da shi, amma mazhabobi huɗu na Sunna, har da Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, a kansa suke.

Akwai wata mas'alar makamanciyarta da ɗaliban gado ke kira Mimbariyya, saboda an ce an yi wa Sayyidina Ali tambayar yana kan mumbari a Kufa. Mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: 3 da 16 da 4 da 4, jimilla 27 a inda ake da 24. Sassan suka koma 27, sumunin matar ya zama ɗaya bisa tara.

Duk da haka, lissafi ba shi ne ke faɗin wanda ya cancanci nawa ba, kuma zai zama kuskure a ɗora masa wannan nauyi. Aristotal, masanin falsafar Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raba adalci gida biyu a littafinsa na ɗabi'u. Akwai wanda ba ya duban ko wane ne mutum, kamar mayar wa wanda aka cuta a ciniki abinsa. Akwai kuma na rabon dukiyar jama'a da muƙamai, wanda ke tafiya gwargwadon cancanta. Ya lura cewa rigima na tashi ne idan mutane masu matsayi ɗaya suka samu rabo mabambanci, ko mabambanta suka samu rabo ɗaya, sannan ya amince cewa mutane ba su taɓa haɗuwa a kan mece ce cancantar ba: wasu na cewa 'yanci, wasu dukiya, wasu nagarta.

Sahabbai ma sun sha bamban a kan wannan, kuma a kan kuɗi na gaske. Halifa Abubakar ya raba dukiyar baitulmali daidai tsakanin Musulmi, yana ganin cewa ladan rigaye a Musulunci yana wurin Allah, wannan kuwa abin masarufi ne na duniya. Da Umar ya kafa diwani, wato kundin rabon dukiyar baitulmali, sai ya fifita, ya tsara mutane bisa kusanci da Manzon Allah (SAW) da rigaye, mutanen Badar suna karɓar dirhami 5,000 a shekara. Da Ali ya hau sai ya mayar da rabon daidai. Halifofi uku, kowannensu an san shi da tsoron Allah, sun duba dukiya iri ɗaya sun fitar da hukunci biyu. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum gaggawar cewa daidai shi ne adalci a ko'ina, ko kuma fifiko shi ne adalci a ko'ina.

Shari'a kanta tana amfani da duka biyun. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Buhari da Muslim suka ruwaito, mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da sauran 'ya'yan, ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa; mafi yawan malamai sun fahimci cewa a kyauta ana daidaita mace da namiji. A cikin gadon ma, uwa da uba kowa sudusi yake ɗauka idan mamacin ya bar ɗa namiji, 'yan'uwa na wajen uwa kuma suna raba sulusinsu daidai ba tare da duban jinsi ba. Inda aka ninka wa namiji, malamai na danganta hakan da nauyin sadaki da ciyarwa da tufatarwa da aka ɗora masa. Mutum na iya zama ya yi doguwar muhawara a kan hikimar kowane rabo. Abin da ba ya cikin muhawara shi ne cewa da zarar an ambaci rabon da lamba, ya fita daga hannun mai ƙarfi. Kafin saukar ayoyin nan, Larabawa ba sa ba mata da ƙananan yara gado. Ambaton sumuni da sudusi ya mayar da rabonsu abin da za a iya ƙirgawa, a kuma kai ƙara idan ya gaza.

Sai dai haƙƙin da ake ƙirgawa yana amfanar wanda ya iya ƙirga ne. Nan ne darasin ɗan firamare ya zama maganar addini. Bazawarar da ba ta san cewa sumuni na nufin a yanka dukiya gida takwas masu girma ɗaya ba, duk abin da ƙannen mijinta suka miƙo mata suka ce "ga tumunin takaba," shi za ta karɓa ta yi godiya. 'Yar da ba ta san cewa rabonta rabin na yayanta ne cif ba, za a iya sallamarta da akuya biyu da tukwane a ce gona ta maza ce. Kotunan shari'a a arewacin Najeriya suna sauraron ƙararrakin gado, tsarin mulkin 1999 ma ya sanya gado da wasiyya cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, amma ba mai zuwa kotu sai wanda ya gane an rage masa. Iyayen da ke ganin lissafi kayan boko ne da bai shafi 'ya mace ba, suna cire mata makamin da za ta kare abin da Alƙur'ani ya ba ta da sunanta.

Akwai rabi na biyu na darasin da malamai da yawa ke tsallakewa, alhali ya kai na farko nauyi: rabin me? Rabin lemo da rabin kankana duk ɗaya bisa biyu ne a rubuce. Yaron da ba a saba masa da tambayar "mene ne cikakken abin?" ba, zai girma yana jin "kashi goma cikin ɗari" ko "sulusi" ya gyaɗa kai bai tambayi na mene ne ba. Malaman fiƙihu ba su yi sakaci da wannan ba. Ba a taɓa dukiyar mamaci da sunan gado sai an fitar da kuɗin likkafani da binnewa, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Abin da ya saura shi ne "ɗaya" ɗin da ake yankawa.

Har a tsakanin sahabbai wannan tambaya ta raba ra'ayi. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da uba. Miji ya ɗauki rabi, uku cikin shida. Uwa na da sulusi, amma sulusin me? In na dukiyar duka ne, ta ɗauki biyu, uba ya tashi da ɗaya. Umar da Zaidu ɗan Sabit, wanda aka san shi da fin kowa sanin gado a cikin sahabbai, suka ce sulusin abin da ya rage bayan rabon miji ne, wato uwa ɗaya uba biyu. Ɗan Abbas ya tsaya a kan sulusin duka. Kalmar ba ta canza ba, abin da ake yankawa ne ya canza, rabon uwa ya sauka daga biyu zuwa ɗaya. Mafi yawan zaluncin da ake yi a rabon gado ta wannan ƙofa yake shigowa. Ba a cika jin wani ya fito fili ya ce sumuni ba sumuni ba ne. Sai dai a ɓoye fili guda, a ce shagon kasuwa na babban ɗa ne tun uban na da rai, a ƙirƙiro bashi, sannan a kira malami ya raba ragowar da lissafi mai tsabta.

Tun fil azal buƙatar raba abu tsakanin mutane ce ta haifi wannan fanni. Takardar lissafin Masar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, tana ɗauke da tambayoyin raba burodi ga mutum 10. In burodin 9 ne, kowa ya samu biyu bisa uku, da ɗaya bisa biyar, da ɗaya bisa talatin. Da an gutsure ɗaya bisa goma daga kowane burodi, mutum tara su ɗauki manyan, na goman ya kwashi gutsattsarin, lissafi ya fita, amma wasu masana tarihi na ganin Misirawan sun fi son kowa ya ga yankansa iri ɗaya da na ɗan'uwansa. Aflaton ya yaba wa Misirawa a littafinsa na dokoki saboda suna koya wa yara lissafi cikin wasa, ta hanyar raba 'ya'yan itace tsakanin yara masu yawa ko kaɗan. Shi kuwa Alkawarizmi, da ya rubuta littafin da aljabara ta samo suna daga gare shi a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, kusan rabin littafin a kan wasiyya da gado ya ƙare. Ɗan layin nan ma da ake ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, a rubutun Alhassar, malamin lissafi na Magrib a ƙarni na 12, aka fara ganinsa, kafin Fibonacci, wanda ya yi karatu a Bijaya ta Aljeriya, ya yi amfani da shi a littafinsa na 1202.

Abin takaici ne a ce fannin da ya girma a hannun alƙalai da malaman gado ya zama baƙo a Islamiyya, ya kuma zama busasshen zane a firamare. Ɗalibin da ke karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani yakan haddace wanda ke da rubu'i da wanda ke da sumuni, amma in aka ba shi takarda ya naɗe ta gida takwas sai ya rikice. Ɗan boko kuma ya iya nemo ƙaramar lambar da shida da takwas ke shiga, bai taɓa jin cewa ita ce asalin mas'ala ba. Kakanninsu sun fi su samun atisaye a kasuwa: kafin naira ta zo a 1973, sule kwabo 12 ne, sisi rabinsa, taro kwatansa, duk yarinyar da ke tallan goro tana juya waɗannan a ka. Har yanzu kayan koyarwar na nan a gida. Sa'in zakkar fid-da-kai mudun Annabi huɗu ne, ga kwata ke nan a hannu. Manomin da ruwan sama ya shayar masa yana fitar da buhu ɗaya cikin goma, mai ban-ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin, mai kuɗi ɗaya cikin arba'in. Yaron da ya tsaya a masussuka ya ga an ware na goma ya fahimci ushiri kafin ya iya rubuta shi.

Malamin da ke son darasin ya zauna, zai fi cin riba in ya jinkirta alli ya fara da hannu. Ya ba yara biyu ƙuli-ƙuli ɗaya ya ce wanda ya karya shi ne zai ɗauka a ƙarshe. Nan take mai karyawa zai zama mai tsantseni. Ya kawo abin da aka yanka ba daidai ba ya tambaya ko wannan kwata ne, ya bar su su yi gardama. Ya ba su abin raba uku tun da wuri, kada su zaci duk rabo tsagawa biyu ne. Ya riƙa canza cikakken abin, yau lemo ɗaya, gobe gyaɗa goma sha biyu, jibi tsawon igiya.

Sannan akwai matakin da ya fi duka kusa da rayuwar manya. A ɗauki takardu biyu masu girma ɗaya, a naɗe ɗaya ta tsakiya, a naɗe ɗayar daga kusurwa zuwa kusurwa. Rabin farko mai kusurwa huɗu ne, na biyu mai kusurwa uku, ba su yi kama ba ko kaɗan, yara da yawa za su rantse ɗaya ya fi. Sai an yanka an jera wannan a kan wancan suke yarda cewa faɗinsu ɗaya. A nan yaro ke fara koyon tambayar "daidai a me?", wadda ita ce ke jiran magada ranar da abin rabon ya zama gona ko gida. Kadada ɗaya a bakin fadama da kadada ɗaya a kan tudu mai tsakuwa faɗinsu ɗaya, amfaninsu ba ɗaya ba. Ɗakin da ke kallon titi ana iya fasa shi a yi shago, na ƙurya ba a iyawa. Shi ya sa masu rabon gado ke kiran waɗanda suka san farashin ƙasa su yi wa kowane yanki kuɗi tukuna, a mayar da gona da gida da shanu lamba guda, a yanka ta sassa masu girma ɗaya, wanda yankinsa ya haura rabonsa ya cika wa sauran da kuɗi, in kuma yankuna sun yi kunnen doki a jefa ƙuri'a.